Shekarar da Na Ciyar da Manya Hannunruwa

Na san abin da kuke ji a gidan kawunku Alhaji Garba duk lokacin da kuka je Kano. Ba a faɗa muku kai tsaye, amma kunnenku ya sha tsinta a bakin mata wajen wanke-wanke, cewa ubanku ya juya wa yayan matarsa baya a bainar jama'a, ya ɗauko ɗan Bayarabiya ya ɗora a kan 'yan goron Agege. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa ba wanda ya san shi sai ni, kuma tunda ƙafa ta fara gardama, ido ma yana neman bin sahunta, gara in ajiye muku shi tun ina iya riƙe alƙalami.

A zangon Agege ba a kirana Inuwa, sai dai Na-Da. Sunan ya samo asali ne daga bakina, domin ba a kawo wata magana a majalisa ban ce “a da ba haka ake yi ba.” Da aka kawo sikeli na ce hannun dillali ya fi shi. Da motocin lori suka fara ɗaukar kaya na ce ni huhuna ba zai hau abin da ba ya tafiya a kan dogo ba. Samari suna yi mini dariya, ni kuma ko a jikina, kuma har yau da nake rubutun nan ban ga dalilin sauya hali ba. Abin da na yi imani da shi shi ne, duk abin da ka tarar magabata suna yi, kada ka yar da shi sai ka san dalilin da ya sa suka fara.

Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin ƙasar Bama. A wannan shekara Allah ya yi wa Baba Mamuda rasuwa, shi ne shugaban ƙungiyar fatomomi, wato masu saukar fatake, da 'yan goro tun kafin in sauka daga jirgi ina saurayi. A da idan shugaba ya rasu, dattawa ne ke shiga zaure su fito da suna, shi ke nan. To amma iskar siyasa ta kaɗo daga Ikko, samari suka ce su ba su yarda ba, sai an taru an ɗaga hannu an ƙirga. Suka tsayar da nasu, wani akawu mai saurin baki. Mu ɓangaren dattawa sai muka ga in muka fito a rarrabe za su cinye mu, dole mu tsayar da mutum guda. Matsalar ita ce mutum uku ne ke so a cikinmu, kuma ba mai niyyar janyewa.

Na farko shi ne kawunku Alhaji Garba. Shi ya karɓe ni ranar da na iso Agege ba ni da kowa, ya koya mini yadda ake jera goro a ganye a ɗaure huhu, daga baya ya ɗauki ƙanwarsa Hajo, mahaifiyarku, ya ba ni. Na biyu Shehu Mai Lema, mutum mai fara'a da daɗin baki, wanda ban taɓa jin ya saɓa wa kowa ba. Na uku Lawal ɗan Saje, haifaffen Obalende, jikan tsofaffin sojojin Turawa, uwarsa Bayarabiya. Hausarsa ma a karkace take kamar hularsa, yana yawo a kan keke, ga shi ya sa 'ya'yansa a makarantar boko. In ka ce in lissafa abubuwan da ba na so a jikin mutum, to Lawal ya tattara su duka ya saka a aljihu.

Aka yi zama, aka sake yi, aka kasa daidaitawa. A ƙarshe Limamin zango ya ce a ba ni wuƙa da nama, in je in zauna da kowannensu, in dawo in gaya wa dattawa wanda ya fi kusa da tafarkin marigayi, kuma wanda na ambata shi za a tsayar. Mutanen Alhaji Garba suka amince da murna, don a ganinsu an gama. Shehu ya amince domin bai iya ƙin komai ba. Lawal kuwa dariya ya yi.

“Oga Na-Da ba ya sona, kowa ya sani,” in ji shi. “Amma ba ya ƙarya, abi, ko ba haka ba? Na yarda.”

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago kai ba.

“Malam, an ce kai ne alƙali.”

“Haka suka ce.”

“To ai da sauƙi. Ka san wanda ya shimfiɗa maka tabarma.”

Na ce na sani. A raina ma na riga na ba Alhaji Garba, zagayen da zan yi na cika umarnin Liman ne kawai. Abin da ya hana ni rufe maganar a ranar wata tambaya ce da ta daɗe tana yi mini ƙaiƙayi. An ce in nemo wanda ya fi kusa da tafarkin marigayi, sai na tambayi kaina, shin ni ɗin na san tafarkin nasa duka? Akwai abu guda da ban taɓa ganewa ba. Kowace shekara gab da kakar goro, Baba Mamuda yakan je gaisuwa wurin Bale, wato dagacin manoman da ke bayan Iju, waɗanda daga gonakinsu mafi yawan goronmu ke fitowa. Na sha raka shi. Mu 'yan rakiya a waje ake barinmu a ƙarƙashin rumfa, shi kaɗai yake shiga. In ya fito sai ka ga fuskarsa a yamutse, ba ya magana, kuma da mun bar garin sai ya nemi buta ya yi ta kurkure baki. Na taɓa tambayarsa, ya ce in kula da hanya akwai kututture. Wani abin kuma, masu saye daga wasu garuruwa sun sha zuwa da farashi mai tsoka, amma manoman nan ba su taɓa tsallake zangonmu ba. Na daɗe ina jin akwai zare tsakanin butar nan da wannan riƙon amana, na rasa inda ya ƙulle.

Sai na shirya da hantsi na tafi wurin Bale ni kaɗai. Tsoho ne tukuf, Musulmi, da tasbaha a wuya. Yarbancina na kasuwa ne, tasa Hausar ma ta kasuwa ce, muka haɗa biyun muka yi ta lallaɓawa. Na yi masa gaisuwar rashin abokinsa, sannan na fito fili na tambaye shi abin da suke yi a ɗaka. Ya dube ni, sai ya kira jikarsa ta kawo wani ƙaramin akushi. Da ya buɗe sai na ga hannunruwa.

Ku da kuka tashi cikin goro kun san shi, amma saboda jikokina bari in faɗa. Goron da muke ci muke kai wa Arewa ɓari biyu ne. Hannunruwa kuwa ɓari uku ne, ko huɗu, wani har fiye, kuma in ka tauna shi yauƙi yake yi a baki. A wurinmu ba goro ba ne. Dillalin da aka samu ƙwaya ɗaya a huhunsa ya shiga bakin mutane, kuma in kana son ka raina baƙo, ba shi hannunruwa.

“Wanda kuke saye,” in ji Bale, “mu ba ma ɗaura aure da shi, ba ma raɗa suna da shi. Kuɗi ne Allah ya rataya mana a bishiya. Namu shi ne wannan, abata. Shi muke ba mutumin da muka ɗauka namu.”

Ya ce zamanin mahaifinsa Hausawa suka fara zuwa saye. Aka fasa musu abata don girmamawa, sai suka dubi juna suna ƙunshe dariya, wani ma ya jefa wa akuya. Mamuda kaɗai, yana matashi a lokacin, ya ɗauka ya tauna ya haɗiye. Mahaifin Bale ya ce wannan shi za a riƙa sayar wa. Tun daga nan duk shekara sai Mamuda ya zo su fasa ɗaya su ci tare kafin a tsinki ko ƙwaya.

“Na san ba ya so,” Bale ya ce yana dariya har da tari. “Ina ganin idonsa yana kawo ruwa. Shi ya sa nake zaɓo masa babba.”

Na tambaye shi ko akwai wani abu na tsafi a ciki, don in akwai ba ruwana. Ya nuna mini tasbaharsa, ya ce na bokaye daban, wannan na baƙunta ne, da bismillah ake fasa shi. Sannan ya daina dariya. Ya ce baƙin masu saye da ke yawo da lori sun zo masa sau da yawa tun da aka yi rasuwar, samarin garin kuma suna matsa masa. Shi dai yana jira ya ga wanda zai zo ya zauna inda Mamuda ke zama. Bai ba ni na ci ba, ya ce ba nawa ba ne, na shugaba ne. Amma da zan tafi na roƙe shi ya ƙunsa mini 'yan ƙwayoyi a ganye, ya ƙunsa yana kallona ta wutsiyar ido.

A hanya na gane dalilin da ya sa marigayi ya ɓoye. Da zango ya ji cewa shugaban 'yan goro yana cin hannunruwa, da an yi masa waƙa. Na biya ta wurin Liman na tambaye shi hukunci ba tare da na faɗi dalili ba. Ya ce ɗan itace ne kamar sauran, halal ne, sai dai wanda ya ci ya yi ta kansa. Daga nan na ƙudura cewa da wannan ƙunshin zan ziyarci mutanen nan uku, don ina son in ga abin da kowa zai yi idan aka miƙa masa abin da yake ƙi da hannun girmamawa.

Da Shehu Mai Lema na fara. Ya tarbe ni kamar na dawo daga Makka. Na tambaye shi batun sikeli, ya ce ai hannun dillali ya fi. Na ce amma wasu na cewa sikeli ya fi adalci, ya ce wallahi su ma suna da gaskiya. Na ce lori fa? Ya ce jirgi ne uban tafiya, amma lori ma ba laifi. Duk inda na juya sai in same shi ya riga ni isa yana jirana da murmushi. Da na fito da hannunruwa na ce tsaraba ce wani dattijo ya ba ni, ko gezau bai yi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɓare, ya kai baki, na ga muƙamuƙinsa yana motsi, har yana cewa ashe abin ba kamar yadda ake faɗa ba ne. Na yi mamaki, na fara tunanin ko na raina mutumin nan. Ya rako ni har bakin titi, rana ta yi zafi, ya zaro hankici daga aljihu zai share gumi, sai ga ɓarin hannunruwa sun zubo ƙasa, ko alamar haƙori babu a jikinsu. Muka dube su tare. Ya ce ai ajiye wa iyali ya yi su ma su ɗanɗana.

Washegari na je wurin Alhaji Garba a sitonsa da ke bayan tasha. Ina son mutumin nan, ku sani, kuma har gobe ina sonsa. Yana zaune a kan buzu cikin babbar riga, yara suna ta juya goro suna tsince masu sankara. Duk tambayar da na yi masa, amsar da ke cikina ita yake ba ni. Sikeli bidi'a ce, lori hauka ce, ɗaga hannu raini ne ga manya. Na ji daɗi har raina. Sai na kwance ganye na miƙa masa. Ya leƙa, ya ja da baya kamar na nuna masa kunama.

“Inuwa, lafiyarka? A sitona za ka shigo da wannan?”

Ban yi wa Shehu bayani ba, amma shi na yi masa, domin ina son ya haye. Na sa aka fitar da yaran, na ba shi labarin Bale tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana shafa gemu. Da na gama sai ya yi tsaki.

“Allah ya jiƙan Baba Mamuda, amma ya zubar mana da girma. Ni Garba in je ƙauye in tauna hannunruwa don manomi ya ji daɗi? Mu ke da kuɗi, su ke da goro. In sun ga kuɗi za su kawo.”

“Yaya, masu lori ma suna da kuɗi, sun ma fi mu sakin hannu. Abin da ya riƙe mana mutanen nan ba kuɗi ba ne. Sau ɗaya ne fa a shekara, kuma a ɗaka.”

“A da ba a yi haka ba.”

“A da ɗin aka yi, Yaya. Mu ne ba mu sani ba.”

Ya dube ni, ya ga da gaske nake, sai ya sassauta murya. Ya ce in bar wannan maganar, in je in faɗi sunansa, in ya hau zai aika wa Bale rago da turmin atamfa, wanda ya fi goron banza daraja. Na ce ba rago tsohon yake jira ba. Ya ce to ya daɗe bai jira ba. Na naɗe ganyena na fito. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kalmar da ya buge ni da ita tawa ce, kuma a bakinsa na fara jin yadda take idan mai faɗinta bai bincika yadda aka yi a da ɗin ba.

Saura Lawal, kuma na je ne don kada a ce ban je ba. Na same shi a ƙofar gida ya kifa keke yana gyaran sarƙa, hannu duk baƙin mai. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce sikeli na nan zuwa ko mun so ko mun ƙi, gara mu saya namu kafin a kawo mana na wasu. Ya ce lori ma haka. Muka yi ta musu har na fara tattara rigata. Sai na tuna da ƙunshin, na miƙa masa ba tare da wani bayani ba. Ya buɗe, ya tashi ya je ya wanke hannunsa da sabulu, ya dawo ya zauna sosai.

“Abata ne wannan. Oga, wa ya aiko ka? Ba a ba mutum abata haka kawai.”

Na ce wani dattijo ne a bayan Iju. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Ya zaɓi mai ɓari huɗu, ya yi bismillah, ya fasa, ya ɗauki ɗaya, sannan ya miƙo mini tafin hannunsa.

“Bismillah.”

“A'a, ai naka ne.”

“Haba oga. Abata ba a cinsa mutum ɗaya. Wanda ya kawo shi ma sai ya ci, in ba haka ba zagi ne. Ejo, don Allah, ɗauka.”

Ban taɓa kawo wannan a lissafina ba. Na zagaya gari ina auna manya da abin da ni kaina ban taɓa sa wa a baki ba. Ba yadda zan yi, na ɗauka. 'Ya'yana, ban san yadda zan kwatanta muku ba, sai dai ku ɗauka an jiƙa goro a miyar kuɓewa ta kwana. Ina tauna yana ƙaruwa, na rasa ta inda zan haɗiye. Na ɗaga ido don in ga ko yana yi mini dariya, sai na ga shi ma fuskarsa a murtuke, idonsa ya cika da ƙwalla, yana ta fama.

“Au, kai ma ba ka so?”

“Ni? Tun ina yaro na tsane shi. Kakata ta wajen uwa ke tilasta mini. Ta ce in babba ya ba ka, ka haɗiye, ka yi amai in ka je gida.”

Muka zauna mu biyu a bakin hanya muna kokawa da yauƙi, masu wucewa suna kallonmu. Da muka gama ya aika aka kawo buta, muka yi ta kurkure baki. A nan na ba shi labarin Baba Mamuda. Da na gama ya ce ashe tsohon ya fi su duka wayo, kuma in dai wannan ne, ko ba a zaɓe shi ba a shirye yake ya raka duk wanda aka zaɓa.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na koma wurin Alhaji Garba na sake roƙonsa, ya ce in na ƙara ta da maganar za mu ɓata. Na yi tunanin in ce wa Liman a nemi wani alƙalin, sai na ga wannan gudu ne, kuma duk wanda aka ba zai faɗi sunan Alhaji ne ba tare da ya san abin da na sani ba. Mahaifiyarku ta lura abinci ba ya wuce mini. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba, amma ranar taron da zan fita ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara mini wuyan riga, abin da ba ta saba ba.

Bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin mangwaron masallaci, dattawa a kan tabarmi, mutanen ukun suna gefe. Na miƙe. Na ce Shehu Mai Lema mutumin kirki ne, ba zai taɓa ɓata wa kowa ba, kuma wannan ne ciwonsa, domin shugaba wata rana dole ya ce a'a, ni kuwa na neme ta a bakinsa ban samu ba. Na ce Alhaji Garba ya fi kowa sanin goro, ya fi kowa kyauta, ra'ayinsa ra'ayina ne, kuma duk abin da na zama a Agege shi ne sila. Na ce Lawal ɗan Saje ban yarda da rabin abin da yake faɗa ba, hularsa ma haushi take ba ni. Aka yi dariya, mutanen Alhaji suka gyara zama. Sai na ba su labarin Bale da akushinsa. Wasu suka sunkuyar da kai don kunyar marigayi, wasu suka toshe baki. Na ce an aike ni in nemo wanda zai riƙe abin da Baba Mamuda ya riƙe, kuma abin da ya riƙe mana zangon nan da shi, mutum ɗaya ne cikin ukun ya yarda zai ɗauka. Na ambaci sunan Lawal.

Alhaji Garba bai yi hayaniya ba. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya sa takalmi, ya wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin. Liman ya ce alkawari aka yi, aka shafa fatiha. Da aka zo babban taro Lawal ya kayar da akawun samari, ba da rata mai yawa ba. Ya je wurin Bale a kakar nan, goro ya ci gaba da sauka a zangonmu. Ya kuma kawo sikelin da lorin duka, na yi ta faɗa da shi a majalisa har ya bar kujerar, kuma ko sau ɗaya bai fasa zuwa bayan Iju ba.

Da na koma gida ranar taron dattawan, mahaifiyarku tana zaune a bakin murhu wuta ta mutu ba ta hura ba. Na tsaya ina neman ta inda zan fara, ita ta riga ni.

“Na san ba ka yi ƙarya ba, Malam. Ban taɓa jin ka yi ba.” Ta share ido da gefen mayafi. “Amma mutane suna yin zazzaɓi. Da ka yi zazzaɓi yau.”

Na ji zafin maganar fiye da zagi. Ba ta sake ta da ita ba har ta bar duniya, sai dai ita ta ɗauki nauyin abin da na yi. Kawunku bai hana ta zuwa gidansa ba, bai daina zuwa namu ba in ana suna ko salla, amma daga ranar bai ƙara yi mini magana ba. Muna zaune a tabarma ɗaya, gwiwarsa tana taɓa tawa, sai ya juya wajenta ya ce, “Hajo, ki gaya wa mijinki jirgin Kano ya sauya lokaci.” Ita kuma ta juyo ta gaya mini kamar ban ji ba, in ba da amsa ta mayar masa. Tun abin yana ba baƙi dariya har ya daina. Bayan wasu shekaru ya sayar da sitonsa ya koma Kano. Na ɗauki jakarsa har cikin tarago, ya ce wa Hajo ta gaya wa mijinta ya sa ta a sama.

Shekarar da mahaifiyarku ta rasu ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya zauna kusa da ni kwanakin zaman makoki, muna karɓar gaisuwa tare. Sau da yawa nakan ga ya juya wajen ƙofar ɗakinta ya buɗe baki, sai ya rufe. Ni ma akwai abin da nake son in ce masa, amma mai kai mana saƙo tana maƙabarta. Ranar da zai tafi ya tsaya a zaure, ya kira babbarku, Binta, ina tsaye a gabansa.

“Ki gaya wa ubanki,” ya ce, “ya riƙe mini ƙanwata da kyau. Ki ce masa ni da na zaɓe shi, ban yi kuskure ba.”

Binta ta juyo ta maimaita mini tana kuka. Na tsaya ina juya maganar, na rasa ko yabo ne ko gori, har yau kuma ban sani ba, wataƙila shi ma bai raba su ba. Kafin in haɗa abin da zan ce ta mayar masa, ya riga ya fita, ina jin ƙarar sandarsa a kan hanyar tasha. Bai sake zuwa Agege ba.